Ba Duk Wanda Aka Tisa Ƙeyarsa Aka Ɗaure Ba: Kalmomin Hukunci na Turanci a Kunnen Bahaushe

Wata safiya na raka maƙwabcina kotun majistare. An kama ƙanensa bisa zargin sayen wayar sata, kuma ranar ce aka fara kawo shi gaban alƙali. Zaman bai kai minti goma ba. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta takardarsa, lauya ya miƙe ya nemi beli, alƙali ya yi 'yan rubuce-rubuce, sannan ya faɗi wata magana da Turanci wadda na tsinci kalmar “remanded” a cikinta. Tafinta ya juya wurin yaron ya ce, “An ce a kai ka gidan yari.” Mahaifiyarsu da ke zaune a bencin baya ta ɗora hannu a ka ta kama salati. Kafin mu fito harabar kotun, labari ya riga mu isa unguwa cewa an ɗaure wane.

Na zaunar da ita a inuwa na ce, “Inna, ba a yanke masa hukunci ba, ko shaidu ba a fara saurara ba. Cewa aka yi a ajiye shi zuwa ranar da za a dawo.” Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, ba gidan yarin za a kai shi ba?” Na ce can ne. Ta ce, “To ai an ɗaure shi ke nan.”

Ban ga laifinta ba, domin ƙofar da ke rufe mai jiran shari'a ita ce ke rufe wanda aka yanke wa shekara goma. Amma a wurin doka tsakanin mutanen biyu akwai tafiya mai nisa. Bayan 'yan makonni aka sallami yaron, sai dai har yau akwai masu ce masa tsohon fursuna a bayan idonsa. Tun daga ranar na fara kasa kunne ga yadda kalmomin la'anta da na hukunci ke tsallakowa daga Turanci zuwa Hausa. Da Turanci ake rubuta dokokin Najeriya, da shi manyan kotuna ke zama, da shi kuma yawancin labarai ke fitowa kafin a juya su a rediyo da jarida. Bature yana da kalmomi da dama a wannan fage, kowace da matsayinta kamar matakalar bene. Mu kuwa mun saba kwashe su gaba ɗaya mu juye a ƙwarya biyu ko uku: Allah wadai, hukunci, ɗauri.

Wadda kunnenmu ya fi sabawa da ita ita ce “condemn”. Duk ranar da 'yan bindiga suka afka wa ƙauye ko bam ya tashi a kasuwa, kafin a gama jana'iza sanarwa ta fito: gwamna ya yi Allah wadai, fadar shugaban ƙasa ta yi tir. Kalmar daga Latin ta taso, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci, kuma saiwarta ita ce “damnum”, wato asara ko ɓarna. Daga wannan saiwa “damage” ta tsiro, haka ma “damn”, kalmar tsinuwa da malaman coci ke nufin jefa mutum wuta da ita, wadda yanzu ta koma abin da Bature ke furtawa idan ya yi tuntuɓe. Don haka waɗanda suka fara fassara ta da Allah wadai ba su yi kuskure ba. Duka biyun akwai ƙanshin tsinuwa a jikinsu.

Matsalar ita ce kalmar ba fuska ɗaya gare ta ba. A bakin ɗan siyasa magana ce zalla, ba ta kama kowa, ba ta sa kowa ya biya ko sisi. A bakin alƙali kuwa babu wadda ta kai ta nauyi, domin idan kotu mai zama da Turanci ta yi amfani da ita a kan mutum, kusan ko yaushe hukuncin kisa ake nufi. Shi ya sa a gidajen yarin Najeriya ake kiran masu jiran hauni “condemned”, ɗakunansu ma da wannan sunan aka san su. A bakin injiniya ko likitan dabbobi a mayanka kuma wani abu ne dabam: ginin da aka ce ba ya zaunuwa, ko naman da aka ce ba ya ciyuwa. Wannan ma'ana ta uku ce ta sauko titi. Masu sayen tsofaffin ƙarafa a garuruwan kudu, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne, suna zagaya unguwanni suna kiran “iron condemn”, kuma idan bakanike ya ce inji ya zama kwandem, mai mota ya san saura 'yan gwangwan.

'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suna da tasu sarƙaƙiyar. A Faransanci “condamner” ta haɗa duk wani hukuncin kotu, babba da ƙarami. Wanda aka ci tarar jaka goma da wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai duk wannan kalma ake faɗa a kansu. Mai fassara labarin Yamai ko Damagaram da ya fi sanin Turanci, idan bai lura ba, sai ya sa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata shida ya shiga kunnen mai sauraro da nauyin hukuncin kisa.

Wanda ke ganin wannan duk ƙaƙale ne na malaman harshe, ya leƙa Majalisar Ɗinkin Duniya, inda jakadu ke kwana suna jayayya a kan kalma guda. Can akwai matakala da kowa ya sani. Daga ƙasa a nuna damuwa, sai “regret” da “deplore”, wato nuna takaici, sannan “condemn”, sannan a ƙara mata “strongly”, daga nan a kai ga “demand”, wato neman a aikata abu ba da roƙo ba. Ranar 2 ga Agusta 1990, ranar da Iraƙi ta mamaye Kuwait, Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 660, ya yi Allah wadai da mamayar, ya nemi a janye. Hukunci bai zo a wannan takarda ba. Sai bayan kwana huɗu ƙuduri na 661 ya ƙaƙaba takunkumi, sai kuma 29 ga Nuwamba ƙuduri na 678 ya ba da damar amfani da ƙarfi. Tir daban, horo daban, kowane da takardarsa da ƙuri'arsa. Da Rasha ta afka wa Yukiren, Babban Zauren Majalisar ya kaɗa ƙuri'a a kan wani ƙuduri ranar 2 ga Maris 2022, ƙasashe 141 suka amince, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Babbar jimlar wannan ƙuduri da “deplore” aka gina ta, wadda masu diflomasiyya ke ɗauka taki ɗaya ƙasa da “condemn”. Idan muka fassara duka biyun da Allah wadai, mun ɓoye wa mai sauraro cinikin da aka yi kafin a samu waɗannan ƙuri'u.

Kuma ba don Hausa ta rasa kalmomi ba ne. Inda Bature ke cewa “admonish” muna da nasiha da gargaɗi. Inda yake cewa “rebuke” ko “reprimand” muna da tsawatarwa da jan kunne. “Criticise” suka ce, “denounce” fitowa fili ne a kushe mutum ko a fallasa shi, “slam” da “blast” da ke cika kanun jaridu kuwa caccaka ce. Akwai tir, akwai Allah wadai, akwai la'anta, akwai tsinewa, kuma duk Bahaushen da ya taɓa shan faɗan iyaye ya san ba nauyinsu ɗaya ba. Uwa takan yi tir da halin ɗanta sau goma a rana, amma ranar da ta tsine masa unguwa gaba ɗaya sai ta girgiza.

Yawan waɗannan kalmomi a Turanci yana da tarihi, kuma tarihin ya yi kama da namu. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, fada da kotuna suka koma hannun masu jin Faransanci. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa muhawara a kotu da Turanci, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta, kuma sai wajen 1733 Turanci ya zama dole a takardun kotunan Ingila. Cikin waɗannan ƙarnuka ne “court”, “judge”, “jury”, “verdict”, “prison” da “justice” suka shigo. Kalmomin talaka irin su “thief”, “steal”, “guilt” da “hang” su ne 'yan gida. Tsohuwar kalmar Turanci ta hukunci, “doom”, ta rasa kujerarta a kotu, yau ma'anarta halaka. Haka abin yake a Hausa. Ɓarawo da sata da duka da ɗauri namu ne na gado. Shari'a, alƙali, hukunci, shaida, tuhuma, haddi, ƙisasi da diyya sun zo da Musulunci daga Larabci. Sannan Turawa suka kawo nasu kason: kotu, joji, lauya, beli, sammaci, fursuna, har da shi kansa tafinta. Musayar ma ba ta tsaya gefe ɗaya ba. Kundin laifuffuka na Arewa na 1959, wanda ya fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinsa daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860, kuma a cikin Turancinsa akwai bulalar haddi da sunanta, “haddi lashing”. Wannan kundi ba ya cewa “murder” kamar na Kudu. Cewa yake “culpable homicide”, ya raba shi gida biyu, mai hukuncin kisa da marar hukuncin kisa.

Ita kuwa “punish” asalinta zai ba ɗalibin fiƙihu sha'awa. Tsoffin Girkawa suna da kalmar “poine”, kuɗin da wanda ya yi kisa ke biyan dangin mamaci, wato diyya. Rumawa suka ara suka mai da ita “poena”, daga nan aka samu “punish”, “penalty”, “penal”, har da “pain”, zafin ciwo. Daga nan ne kuma “impunity” ta fito, kalmar da masu kare haƙƙin ɗan Adam ba sa rabuwa da ita, wadda Bahaushe ya riga ya yi wa fassarar da ta fi ta: cin kare babu babbaka. Tara, wato “fine”, daga kalmar Latin mai nufin ƙarshe take, kuɗin da ake biya magana ta mutu. “Discipline” kuma dangin kalmar ɗalibi ce, don haka ta haɗa koyarwa da ladabtarwa, daidai da yadda horo yake a Hausa. Soja yana samun horo a bariki, yaro mai ƙiriniya ma ana yi masa horo, kuma babu wanda ke rikita su.

Inda rikicin ya fi yi mana ɓarna shi ne cikin kotu, domin a nan kowace kalma zango ce a kan hanya, kuma tsallake zango zalunci ne. Wanda 'yan sanda ke bincike a kansa “suspect” ne, ana zarginsa. Idan aka rubuta laifin a takarda aka kai kotu, an yi masa “charge”, ana tuhumarsa. Ranar da aka tsayar da shi aka karanta masa, ya amsa ko ya musa, an yi “arraign”, an gurfanar da shi. Duk wannan bai zama mai laifi ba. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 5, na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sai bayan shaidu da hujjoji alƙali zai yi “convict”, ya same shi da laifi. Bayan nan ne ake “sentence”, a faɗi abin da za a yi masa. Tsakanin waɗannan biyu na ƙarshe akwai rata, a cikinta ne mai laifi ko lauyansa ke roƙon sassauci. A wasu ƙasashe ratar takan kai watanni. Ranar 30 ga Mayu 2024 wata kotu a New York ta sami Donald Trump da laifuffuka 34, amma sai 10 ga Janairu 2025 aka yanke hukunci, kuma hukuncin shi ne sallama ba tare da sharaɗi ba, babu ɗauri, babu tara. Laifi ya tabbata a kansa, horo bai biyo ba. Wanda ya fassara labarin farko da “an yanke wa Trump hukunci” ya bar mai sauraronsa yana jiran ganin mutum cikin kayan fursuna.

Ko a wajen faɗin shekarun ɗauri akwai wata 'yar kalma da ke sauya lissafi gaba ɗaya. Idan aka sami mutum da laifuffuka da yawa, alƙali yakan ba kowane laifi wa'adinsa, sannan ya ce ko za su tafi “concurrently”, a lokaci guda, ko “consecutively”, ɗaya bayan ɗaya. A watan Oktoba 2010 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar bankin Oceanic, wata shida a kan kowane ɗaya daga laifuffuka uku. Mai haɗa lissafi zai ce wata 18, amma da yake a lokaci guda za su tafi, wata shida ne. Duk lokacin da kanun labari ya ce an ɗaure wane shekara ɗari da wani abu, abin dubawa shi ne wa'adi mafi tsawo a cikin jerin, da kuma wace ce daga kalmomin nan biyu alƙali ya furta.

Mu koma ga kalmar da ta sa Inna salati. “Remand” asalinta mayarwa ne, a mai da mutum inda ake tsare shi kafin a ci gaba da shari'a. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ce umarnin farko na irin wannan tsarewa kada ya wuce kwana 14, kuma sai da dalili ake sabunta shi. Amma abin da ke faruwa a zahiri ya sha bamban. Shekara da shekaru alƙaluman hukumar gidajen yari suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, ba a same su da laifin komai ba. Wasu kan shafe lokacin da ya zarce wa'adin laifin da ake tuhumarsu da shi. A nan ne nake ganin laifinmu, mu masu alƙalami da makirfo. Muna son “kotu ta tisa ƙeyar wane gidan yari” saboda tana da daɗin faɗa, amma ba ta gaya wa kowa ko ajiya ce ko hukunci. Wani lokaci ma kai tsaye ake cewa “kotu ta ɗaure”. Idan jama'a suka ɗauka duk wanda ke bayan katanga mai laifi ne, babu wanda zai tambayi dalilin da ya sa mutum ya shekara uku ba a kira ƙararsa ba. A 2019 an sauya wa hukumar suna, aka cire “prisons” aka sa “correctional”, mu ma muka koma cewa gidan gyaran hali. Suna ne mai kyau, kuma ina goyon bayan manufarsa. Sai dai mafi yawan waɗanda ke ciki ba a tabbatar halinsu na buƙatar gyara ba.

Ƙofar fita ma ba ɗaya ba ce. “Discharge” sallama ce, kotu ta ce tafi, sau da yawa saboda wata tangarɗa a yadda aka shigar da ƙarar ko don masu ƙara sun kasa kawo shaidu, kuma ana iya sake kamo mutum a kan maganar. “Acquit” wankewa ce, kotu ta duba ta ce laifi bai tabbata ba, kuma ƙaramin sashe na 9 na sashe na 36 ya hana a sake gurfanar da wanda aka wanke a kan laifin, sai da umarnin kotun da ke sama. Manjo Hamza Al-Mustapha, wanda Babbar Kotun Legas ta yanke wa hukuncin kisa a Janairu 2012, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame shi ta kuma wanke shi a Yuli 2013, ya koma gida. Da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Nnamdi Kanu ranar 13 ga Oktoba 2022, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya tsaya a kan cewa sallamarsa aka yi, ba wanke shi aka yi ba. Gwamnati ta ci gaba da tsare shi, ta garzaya Kotun Ƙoli, wadda a Disamba 2023 ta ce a ci gaba da shari'ar. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan shari'a, ya ga yadda gardamar ƙasa guda ta rataya a kan kalmomi biyu. Haka ƙarar da aka yi wa “strike out” ana iya gyarawa a dawo da ita, wadda aka yi wa “dismiss” bayan an saurare ta kuwa sai dai ɗaukaka ƙara, amma mu duka biyun mukan ce an kori ƙara.

Akwai kalmar da ta yi mana gardama a fili, ita ce “impeach”. Asalinta daga kalmar Latin mai nufin ɗaure ƙafa take, wato dabaibayi, kuma wannan ya fi kusa da ma'anarta a Amurka. Can Majalisar Wakilai ce ke yin “impeach”, ma'ana ta tuhumi shugaba, sannan Majalisar Dattawa ta zauna kamar kotu, kuma sai kashi biyu cikin uku sun amince ake sauke shi. An yi wa Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, Donald Trump a Disamba 2019 da Janairu 2021, kuma babu ko ɗaya da Majalisar Dattawa ta sauke. A Najeriya kuwa kalmar ta ɗauki ma'anar saukewa ɗungurungum, tun daga Yuni 1981 da Majalisar Dokokin Kaduna ta tsige Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa. Don haka “tsigewa” daidai ce a labarin Kaduna, kuskure ce a labarin Washington. Na sha jin mutane a majalisar shayi suna tambaya, yaya aka ce an tsige mutum amma ga shi yana nan a fadarsa? Tambayarsu tana kan hanya. Fassarar ce ta kauce.

“Sanction” ita kuma kalma ce mai baki biyu. Tana nufin hukuntawa, tana kuma nufin amincewa, sai an duba abin da ke kewaye da ita. Idan aka ce hukuma ta yi “sanction” ɗin wani kamfani, ta hukunta shi. Idan aka ce ta yi “sanction” ɗin wani aiki, ta sa masa albarka. A ma'anarta ta farko Hausa ta yi dace da takunkumi, abin da ake ɗaura wa dabba a baki don hana ta ci. Mutanen Maraɗi da Jibiya, Ƙonni da Illela ba sa buƙatar ƙamus a kan wannan. Daga 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan juyin mulkin Nijar, zuwa 24 ga Fabrairu 2024 da ECOWAS ta janye takunkuminta, sun ga iyaka a rufe, wuta a yanke, farashin abinci da magani ya tashi. A takarda sojojin da suka yi juyin mulki aka nufa, amma bakin talaka takunkumin ya kama.

Hatta afuwa, wadda muke faɗa da baki ɗaya, Bature ya rarraba ta. “Pardon” yafe wa mutum ne laifinsa da hukuncinsa, kamar yadda aka yi wa tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame a Afrilu 2022 suna tsakiyar zaman ɗauri. “Amnesty”, wadda asalinta Girkanci ne mai nufin mantuwa, ta jama'a ce, kuma sau da yawa tun kafin a je kotu, irin wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009. “Commute” kuwa sassauci ne kawai, a mai da kisa ɗaurin rai da rai ko a rage shekaru, laifin yana nan daram. Iyalin da aka ce musu an yi wa ɗansu afuwa, suka share ɗaki suna jiransa, alhali sassauci aka yi, an yi musu rauni biyu.

Na san uzurin da ake kawowa. Labari yana shigowa minti biyar kafin a shiga studiyo, kanun jarida ba ya ɗaukar dogon bayani, tafintan kotu kuma sau da yawa ma'aikaci ne da aka ɗora wa aikin ba tare da an taɓa koya masa ba. Duk gaskiya ne. Amma “an ajiye shi zuwa ranar kaza” bai fi “an ɗaure shi” tsawo da wani abin kirki ba, “ana tuhumarsa” bai fi “ya aikata” wahalar faɗa ba. Kundin tsarin mulki, a ƙaramin sashe na 6 na sashe na 36, ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifin cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Tafintan da ya ce “gidan yari” ya yi shiru bai cika wannan haƙƙi ba.

Kirana ga editocin sassan Hausa na rediyo da talabijin da jaridu shi ne su zauna da lauyoyi da malaman sassan Hausa na jami'o'inmu su tsayar da fassara guda ga kowane ɗaya daga waɗannan zanguna, su manna ta a bangon ɗakin labarai. Hukumomin shari'a na jihohi su horar da tafintoci kamar yadda suke horar da magatakarda. Kai kuma mai karatu, duk ranar da ka ji an ce an tisa ƙeyar wani, kafin ka kai labarin gaba ka tambaya: an same shi da laifi ne, ko ajiye shi aka yi?